Na yi wa ɗana littafin yadi, ya yage shi ya koma wa waya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, a Agege muke zaune. Yarana biyu, babban shekararsa biyu da wata takwas, ƙanwarsa kuma tana goye. Yaron nan waya ta gama da shi. In na hana shi, ihu da birgima har sai maƙwabta sun leƙo. Na ga wasu mata a Instagram suna yi wa yara littafi da yadin fel, wani yadi mai laushi da ba saƙa shi ake yi ba, kowane shafi da abin da yaro zai ɓalle ko ya zuge ko ya manna. Na ce to ga mafita ta zo. Na ɗauki kuɗin adashina na je Yaba na sayo kaya, na yi sati uku ina aikin da dare bayan sun yi barci, har shafi 12. Kwana biyu kacal littafin ya yi. Duk abin da na manna da gam ya ɓamɓare, har dutsen ado na ciro daga bakinsa, wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ya yar da littafin ya koma kukan waya. Maigidana ya ce ɓarnar kuɗi na yi. Surukata da ta zo mana daga gida ta ce su da 'yar tsanar kara suka tashi kuma ba su lalace ba, ta kuma ce in cire idanun roban da na manna a littafin don hoto ne. Sannan Hausar yaron ba ta fita sosai, Turancin katun da Yarbancin yaran gidanmu sun fi yawa a bakinsa. Anti, in haƙura ne, ko akwai inda na kuskure?

Maman yara, Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata. Alhamdu lillahi da Allah Ya kai idonki kan dutsen nan kafin ya wuce maƙogwaro. Da na karanta wannan layin sai da na ajiye wasiƙar na ɗan yi shiru, don na san irin faɗuwar gaban da kike nufi.

Kada ki haƙura. Matar da take da goyo, ta gama aikin gida, sannan ta zauna sati uku tana yanka tana haɗawa cikin dare don ɗanta ya rabu da waya, ba ɓarna ta yi ba. Amma tunda kin tambaye ni ko akwai kuskure, ba zan ɓoye miki ba, akwai. Wani a hannu yake, wani kuma a tunanin abin da kika sa ran littafin zai yi miki.

Bari in fara da wanda ya shafi rai. Yaron da bai kai shekara uku ba bakinsa hannu ne na uku, duk abin da ya burge shi sai ya ɗanɗana. A Amurka, masu gwada kayan wasan yara suna da wani ɗan bututu da faɗin bakinsa bai wuce santimita 3.2 ba. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ba a yarda a sa shi cikin kayan wasan ɗan ƙasa da shekara uku ba. Ke ba ki da wannan bututun, amma kina da kwalin da ke tsakiyar tishu, wanda ya ɗan fi shi faɗi, kuma hakan ya ma fi. Duk abin da ya faɗa ta cikinsa, kada ya shiga littafin ɗanki: duwatsun ado, idanun roba masu juyawa, ƙananan maɓallai, ƙyalƙyali, 'yan ƙararrawa. Hotunan da kika gani a Instagram cike suke da waɗannan saboda su ne ke yin kyau a hoto, mai ɗaukar hoton kuma ba ta nuna miki ranar da ɗaya ya ɓalle ba. In kina son maɓalli, ki yanka fel faifai biyu masu faɗin santimita 5, ki haɗa su ki ɗinke, ya zama maɓalli babba mai laushi. Igiya kada ta wuce santimita 20, kuma bakinta ɗaya ya kasance a ɗinke da shafin. Maganaɗisu kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. In yaro ya haɗiye guda biyu, sukan kama juna ta jikin hanji har su huda shi, ba kuma lallai a ga alama da wuri ba. Haka ɗan batirin nan mai kama da maɓalli. Duk yaron da ake zaton ya haɗiyi ɗayan biyun nan, asibiti ake nufa nan take, ba a jiran a ga ko zai fita a bayan gida.

Ki riƙe wannan ma, Allah Ya sa kada ki buƙace shi. In yaro ya shaƙe amma yana iya tari da kuka, a bar shi ya yi tarin, kada a cusa yatsa ana lalube, don ana iya tura abin ciki. In kuwa ba tari ba sauti, ki sunkuyar da shi, kansa ya yi ƙasa, ki daki tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau biyar, wani kuma ya kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Legas. In kin kai ƙanwarsa rigakafi, ki roƙi ma'aikaciyar jinya ta nuna miki yadda ake yi da hannu, don gani ya fi karantawa. Ki tuna ita ma goyon ta kusa fara rarrafe, kuma abin da ya faɗi ƙasa ita za ta fara tsinta.

Sai maganar gam. Shi fel ba saƙa shi ake yi ba, matse gashi ko zare ake yi har ya kama juna ya zama yadi, irin na hular dara. Shi ya sa in kin yanka bakinsa ba ya zarewa, ba ya buƙatar kalmasa, kuma wannan ne daɗin aiki da shi. Amma wannan ɗin dai shi ne ya ci ki. Gam ɗin bindiga, wanda ake narkarwa da zafi, a saman gashin yake zama, da yaro ya ja sai gashin ya biyo gam ɗin, abin ya taso gaba ɗaya. Ga zafi da gumin Legas, ga miyau. Littafin ɗan shekara biyu allura da zare yake so. Ki ninka zaren, ki bi gefen kowane abu da ɗinki ƙanana kusa da kusa, ki ƙulle a bayan shafi. In kin gama, ki kama abin ki ja da ƙarfinki na babba. Wanda ya motsa a hannunki ba zai kwana a hannunsa ba. In kina da keke, falillahil hamdu. In babu, ki yi na tsakiya da hannu, ki kai wa telan layinku ya bi miki gefuna.

Fel ɗin da ya fi yawa a kasuwa na roba ne, ba na gashin tumaki ba, kuma kada ki ji ya yi miki ƙasa, don a garin nan shi ya fi dacewa. Yana wankuwa, yana saurin bushewa, alhali na gashi in ya sha ruwan zafi sai ya tsuke. Ki wanke da hannu da ruwan sanyi, kada ki murɗe, ki matse a cikin tawul ki shanya a kwance. Kada ki sa shi a leda da danshi, musamman a watan Yuni da Yuli da ruwa ba ya ɗaukewa, in ba haka ba fumfuna za ki tarar, abin da kuma zai koma bakin yaro. Siririn nan mai kaurin milimita 1 na yanka ƙananan siffofi ne, in aka yi shafi da shi sai ya miƙe ya saki. Gindin shafi yana son mai milimita 2 ko 3, ko kuma ki yi shi da atamfa ninki biyu, ki sa masa a tsakiya irin abin da teloli ke sa wa wuyan riga don ya tsaya. Faɗin santimita 20 a kowane gefe ya isa, daidai cinyar yaro.

Shafi 12 ya yi masa yawa. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan renon yara a wata unguwar talakawa a birnin Rum. Cikin kayan koyarwar da aka san ta da su har yau akwai 'yan katakai da aka ɗaura wa yadi, wannan na maɓalli ne kawai, wancan na ɗaurin igiya ne kawai. Daga irin wannan tunanin ne littattafan nan suka samo wasu shafukansu, sai dai a hanya an manta da hikimar, wato abu ɗaya a lokaci ɗaya. Shafin da ke da zif da maɓalli da ƙirga da launuka bakwai duk a wuri guda, ido yake cikawa, hannu bai san inda zai fara ba, sai ya koma fizga. Ki yi huɗu. Ki kai wa mai gyaran takalmi ya huda miki gefensu ya sa 'yan zoben ƙarfen nan na ramin igiyar takalmi, ki duba sun kama sosai, ki zura ƙyalle mai faɗi ki ɗaure. Ta haka za ki riƙa ba shi biyu ki ɓoye biyu, bayan sati ki musanya, tsohon ya dawo masa sabo.

Me za a sa a ciki? Ina da tabbacin cikin shafukanki 12 akwai abin da ɗanki bai taɓa gani da idonsa ba, don samfurin da ake kwaikwayo na mutanen wata duniya ne, masu dusar ƙanƙara da bishiyoyin da ba a san su a nan ba. Yaro a wannan shekarun abin da ya sani yake so ya sake gani. Ɗanki ɗan Agege ne. Yi masa danfo, ƙaramar bas ɗin hayar nan ta Legas. Ki yanka fel ruwan ɗorawa, ki ɗinka masa layi biyu baƙaƙe a jiki, tayoyi manya baƙaƙe, ƙofar kuma ki yi ta da zif mai manyan haƙora. In ya zuge, a ciki akwai fasinjoji uku, kowanne tsawon yatsanki, an ɗaure shi da gajeren ƙyalle don kada ya ɓata. Ya fito da su, ya mayar, ya rufe ƙofa. Wannan shafin kaɗai zai iya cin sati. Na biyu kwandon tumatir irin na kasuwar Mile 12, tumatir uku jajaye manya masu mannewa da Velcro, wannan maɗaurin mai ƙaiƙayi na takalman yara. Uku sun isa, ƙirga har goma tana nan zuwa. Na uku rigar sallah mai maɓalli biyu irin waɗanda na faɗa. Na huɗu takalmi ƙafa biyu, dama da hagu, yana ɓallewa yana mannawa, kina ce masa da dama ake farawa. In ya girma kaɗan ki ƙara jirgin ƙasan da ke ratsa unguwarku, da buhun burodi, da tukunya mai murfi. Haruffa, ko na boko ko alif da ba, ki bar su sai ya doshi shekara huɗu, ranar kuma kada ki manta da namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don ba za ki same su a littafin kanti ba.

Yanzu ga kuskuren da ya fi girma, kuma ba ke kaɗai kike yinsa ba. Kin yi littafin ne don ya yi aikin waya, wato ki miƙa masa ya yi shiru ki samu ki yi girki. Ba zai iya ba. Waya tana motsi, tana waƙa, tana sauya hoto kafin yaro ya ƙifta ido. Yadi a kwance yake, ba ya cewa komai. Ke ce bakin littafin. In an ba ɗan shekara biyu shi kaɗai, wasa ɗaya ya rage masa, ya gwada me zai ɓalle, kuma shi ya yi.

Na ga wannan da idona. Wata rana muna cikin mota da ƙanwata da 'yarta, cunkoso ya riƙe mu wajen Oshodi, ba gaba ba baya, zafi kamar a gasa gurasa. Yarinyar ta fara ƙananan kuka tana miƙa hannu wajen jakar uwarta. Uwar ta ciro shafi ɗaya tak, aljihu ne shuɗi mai zif, da kifi uku a ciki. Ba ta miƙa mata ba. Ta ɗora a cinyarta ta ce, "Wa ke cikin ruwa?" Yarinyar ta kama kan zif ɗin da yatsu biyu, harshe a waje, ta ja ya ƙi, ta sake ja. Uwar ta riƙe mata gefen yadin kawai, ba ta zuge mata ba. Da ya buɗe ta ciro kifi ɗaya, uwar ta ce, "Kifi! Ja ne. Ina ɗan'uwansa?" Haka suka yi ta yi, a fito da su a mayar, a ce musu sai da safe a rufe. Na ƙirga, sau shida. A na ƙarshe yarinyar ce da kanta ta ce "kifi shiga". Kalma biyu a haɗe, a cikin hayaniyar Oshodi.

Kin ga a nan maganin damuwarki ta biyu yake, wato ta Hausar yaron. Jin harshe biyu ko uku ba ya hana yaro magana, kuma Yarbancin da yake tsinta a tsakar gida arziki ne, zai yi masa rana a garin nan. Abin da ke faruwa shi ne kowane harshe yana girma gwargwadon yadda ake yi wa yaro magana da shi. Katun na yi masa awanni, yaran gida na yi masa awanni, Hausa kuwa wataƙila ba ta wuce "zo nan", "bari", "sauka" ba. Littafin nan dalili ne na zama a yi hira. Minti goma bayan la'asar, ko kafin barci, ki ɗora shi a cinya. Zuge, ɓalle, sa, cire, ciki, waje, sama, ƙasa, babba, ƙarami, ja, baƙi, fari. Ki yi tambaya ki yi shiru ki jira, ko da shirun ya yi miki tsawo. In ya ce da Turanci, kada ki ce ba haka ba ne, ki amsa masa ki maimaita da Hausa. In minti biyar ya yi ya tashi, an ci riba, a rufe littafi a ɗaga shi sama inda ba ya kaiwa. Abu ɗaya dai zan ce ki lura: in a duk harsunan nan ba ya haɗa kalma biyu, ko in an kira sunansa ba ya waiwayowa, ki kai shi cibiyar lafiya ta unguwa a duba jinsa da maganarsa, in da buƙata za su tura ku babban asibiti. A shekarunsa wannan ba abin jinkiri ba ne.

Ita kuwa waya, sai an rage ta da gangan, littafi ba zai kore ta ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ma ya fi. Ki tsayar da lokaci ɗaya sananne, misali lokacin da kike ɗora tukunyar dare, in ya cika a karɓe. Zai yi ihu, zai yi birgima, maƙwabta za su leƙo, kwanakin farko za su yi miki nauyi. Ki daure, in ya ga kukan ba ya kawo waya zai sassauta. Kada kuma ki miƙa masa littafin a tsakiyar kukan waya, don zai ɗauke shi a matsayin abin da aka hana shi waya dominsa, ya tsane shi. Sai ya huce, ya ci ya ƙoshi. Wannan aikin kuma ba naki ba ne ke kaɗai. In kin hana, babansa ya dawo ya miƙa tasa, an koma gidan jiya.

Shi ya sa maigida sai an bi da shi a hankali. Kada ki tsaya gardamar ko ɓarna ce ko ba ɓarna ba. Kuɗi ya gani sun fita, littafi kuma ya gani a yage, a Legas ɗin da kowa ke ƙirga kuɗin mota. Ki ce masa ba za ki ƙara sayen komai ba, kuma ki cika. Fel ɗin shafukan nan 12 yana nan, ki ɓamɓare gam ɗin ki sake yankawa. Zif yana jikin tsohon wando, Velcro yana jikin takalmin da ya yi wa yaron kaɗan, ƙyallayen atamfa kuma tela zubarwa yake yi. Ki roƙe shi tsohuwar rigarsa guda ki yi shafin maɓalli da ita, yaro ya san rigar Abba ce. Ranar da kuka zauna da danfon, ki bari ya gani da idonsa ba tare da kin ce masa komai ba. Daga nan ki kawo maganar lokacin waya, a matsayin shawara kike nema.

Hajiya surukarki kuma tana da gaskiya fiye da yadda kika zata. 'Yar tsanar karan da take faɗa da hannu aka yi ta, a gida, da abin da ke kusa, kuma ba a wasa da ita shiru, ana yi mata waƙa, ana yi mata aure, yayye na koya wa ƙanne. Abin da nake ce miki ki yi ke nan. Maganar hoto kuwa, ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen sauƙaƙa kayan wasan yara. In kina son ƙarin natsuwa ki tambayi malamin da kuka yarda da shi. Amma ni a wurinki ba zan ja da ita ba. Idanun roban nan dama fita za su yi saboda haɗari, fasinjojin danfo kuma ba sa buƙatar fuska, hula da ɗankwali sun isa a gane wane ne wane. Ki ce mata, "Hajiya, na cire kamar yadda kika ce." Sannan ki jawo ta ciki. Ki roƙe ta kacici-kacici, ki yi shafi mai murfi: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, yaro ya ɗaga murfi ya ga tsintsiya an ɗinka da zare. Ki yanka Gizo da Ƙoƙi ki ba ta, ta yi masa ga ta nan ga ta nanku da bakinta. Hausar da ke bakin tsohuwar nan ba ki da irinta, ni ma ba ni da ita, kuma ba kullum za ta kasance a Agege ba.

Yau da dare, in sun yi barci, ki ɗauko tsohon littafin ki ƙirga duwatsu da idanun da kika manna, ki ƙirga waɗanda suka rage. Duk wanda babu, ki ɗaga katifa, ki janye kujera, ki haska fitila ƙarƙashin gado ki share har sai kin gan shi. Gobe ki yanka danfo. In kin gama shi ki rubuto min, ina so in ji abin da ya fara cewa da ya zuge ƙofar. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.